Tambaya da Amsa: Wa ke zaɓar cutar da za a kashe wa kuɗin bincike?

Assalamu alaikum masu karatu. Wasiƙun wannan watan kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato kuɗin da gwamnatoci ke warewa don binciken lafiya da ƙirƙiro sabbin magunguna, wa ke raba su kuma da wane ma'auni. Na taƙaita wasu saboda fili, sunaye kuma na cire kamar yadda muka saba.

Malam, 'yata shekararta tara, tana da sikila. Wallahi akwai daren da muke kwana a zaune ni da mahaifiyarta muna danna mata ƙafa tana kuka har asuba. Abin da ke ci min rai shi ne korona ta zo ko shekara ba a yi ba aka samo rigakafi, ita kuwa wannan tun kaka da kakanni ake fama. Wai su wa ke zama su ce wannan za a nema wa magani, waccan ta jira? Daga wani uba.

Allah ya ba ta lafiya ɗan'uwa, ya ba ku ladan jinya kai da mai ɗakinka. Maganarka tana kan hanya. Tun 1910 wani likita a Amurka mai suna James Herrick ya rubuta bayanin sikila a mujallar likitoci, a 1949 kuma aka gano ainihin inda matsalar take a cikin jan jini, kaga kenan ba rashin sanin cutar ne ya kawo jinkirin ba. Korona kuwa a watan Janairun 2020 aka fitar da bayanan ƙwayar, kafin Disamba ya ƙare an fara yi wa mutane allura a Ingila. Kuɗi ne da tsoro suka yi wannan aikin. Korona ta shiga gidan kowa har da na masu riƙe da baitulmali, gwamnatin Amurka kaɗai ta zuba sama da dala biliyan 10, ta ce wa kamfanoni ku fara sarrafa allurar tun ba a gama gwaji ba, in ta ƙi asarar tamu ce. Babu wanda ya taɓa yi wa sikila irin wannan alƙawarin.

Su wa ke zama? Abin hawa-hawa ne. Majalisa ce ke yanke jimillar kuɗin a kasafi, sai hukumar da ke kula da bincike ta kasa shi ɓangare-ɓangare, sai masana su rubuto takardun neman tallafi, sai kwamitin 'yan'uwansu masana ya zauna ya ba da maki. Hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, wadda babu kamarta a duniya a wannan harkar, a 2023 ta samu wajen dala biliyan 47 amma duk da haka cikin takarda biyar kusan ɗaya ce ta samu shiga. To a kowane hawa akwai masu tura ƙofa, ƙungiyoyin majinyata masu baki da kuɗi, kamfanoni, 'yan jarida, ɗan majalisar da cutar ta taɓa gidansa. Cutar da ba ta da mai yi mata magana a ɗakin sai ta yi ta jira.

Ga misali a cikin Amurkan kanta. Akwai wata cutar gado mai toshe huhu da majina, sistik faiburosis, ta fi kama fararen fata, masu sikila a can sun ninka masu ita wajen sau uku, amma wani nazari da ya fito a 2020 ya nuna in aka raba kuɗin binciken gwamnati kan kowane majinyaci, mai ciwon huhun yana samun sama da ninki uku na mai sikila. Ba ina cewa a rage wa waɗancan ba, su ma 'ya'yan wasu ne. Iyayensu ne suka haɗa kai shekara da shekaru suka hana hukuma barci.

A duniya baki ɗaya kuma giɓin ya fi haka muni. A 1990 wani kwamitin ƙasa da ƙasa ya yi lissafi ya gano kusan kashi 5 cikin 100 ne kacal na kuɗin binciken lafiya ke tafiya ga matsalolin ƙasashe masu tasowa, alhali a can ne kashi 93 na mace-macen da za a iya kaucewa ke faruwa. Daga baya wasu suka ƙirga sabbin magungunan da suka shigo kasuwa daga 1975 zuwa 1999, guda 1,393, sai suka tarar 16 ne kawai na cututtukan ƙasashe masu zafi da tarin fuka. Kamfani riba yake bi kuma ni ban ga laifinsa a nan ba, don haka aka kafa shi. Wanda nake tuhuma shi ne kuɗin gwamnati idan shi ma ya bi sawun kasuwa, don amfaninsa ai shi ne ya je inda ɗan kasuwa ba zai je ba.

Yanzu dai an samu ci gaba, a ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin da ke gyara ƙwayar halitta ya raba mutum da ciwon, sai dai kuɗinsa dala miliyan 2.2 ga mutum ɗaya kuma sai a asibitin da ke iya dashen ɓargo. Mafi yawan jariran da ake haifa da sikila a Afirka kudu da Sahara suke da Indiya, ina za su kai? Abin da ya fi kusa da 'yarka tsofaffin abubuwa ne masu araha. Tun 1986 aka tabbatar ba wa ƙananan yara masu sikila fenisilin kullum yana kare su daga mummunar cutar da ke shiga jini. Haidiroksiyuriya kuma tun 1998 aka amince da shi a Amurka, amma sai da aka yi shekara ashirin kafin a fitar da sakamakon gwada shi kan yara a Angola, Kwango, Kenya da Yuganda, aka ga ya rage tashin ciwon da ƙarin jini da mutuwa. Shekara ashirin fa, ba don komai ba sai don babu wanda ya sa wannan tambayar a gaba. Dan Allah ka yi wa likitanta maganarsa, amma kar ka saya da kanka, yana buƙatar gwajin jini akai-akai.

Malam ni ɗalibi ne, inaga abin nan ba shi da wahala. A ƙirga mutanen da kowace cuta ke kashewa, wadda ta fi kisa a ba ta kaso mafi tsoka, shikenan. Me zai sa a yi ta taro?

Ƙanina da farkon zancen na yarda da kai, kuma da ana bin ko rabin shawararka da tarin fuka bai zama maraya ba. A 2023 ya kashe mutum wajen miliyan 1.25, allurar rigakafinsa ɗaya tilo, BCG, tun 1921 ake amfani da ita, a 2018 shugabanni suka taru a Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alƙawarin dala biliyan 2 duk shekara don bincikensa, sai da aka yi shekaru kafin a iya haɗa ko rabin hakan.

Amma ƙirga gawa kaɗai zai yaudare ka. Ciwon baya ba ya kisa, amma shi ne kan gaba a duniya wajen kwantar da mutane ya hana su nema. Ciwon damuwa, farfaɗiya, makanta, yoyon fitsari, mutum na raye amma rayuwar ta tsaya. Shi ya sa a 1993 Bankin Duniya ya fito da wani ma'auni a rahotonsa, ana haɗa shekarun da mutuwar wuri ta cinye da shekarun da mutum ya yi cikin naƙasa ko jinya, sai a ga nauyin cutar gaba ɗaya. Da aka fara auna abu haka sai lafiyar ƙwaƙwalwa ta yi tsalle ta hau sama, ga shi kuwa gwamnatoci wajen kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya suke ba ta.

Sannan ƙirgar ma wa ya yi ta? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin mace-mace goma a duniya kusan huɗu ba a rubuta su a ko'ina, a Afirka kuwa ɗaya cikin goma ake rubutawa. Manomin da maciji ya sara a gona ya rasu kafin a kai shi asibiti ba ya cikin littafin kowa, alhali an ƙiyasta saran maciji na kashe mutum 81,000 zuwa 138,000 duk shekara, sai a 2017 aka mayar da shi cikin jerin manyan cututtukan da aka yi watsi da su. Cutar noma mai cin fuskar yara sai Disambar 2023 ta shiga. In ka raba kuɗi da alƙaluma, waɗanda ba a ƙirga ba sun faɗi tun kafin a fara.

Akwai kuma tambayar da kwamiti na gari ba ya tsallakewa, shin bincike ne abin da wannan cutar ta rasa? Kurkunu ba shi da allura ba shi da magani, amma daga mutum miliyan 3.5 a 1986 an dawo da shi ƙasa da mutum ashirin a shekara, da tace ruwa da hana mai ciwon shiga tafki da sa ido. Wata cutar kuma ilimi bai kai gare ta ba tukuna, ko ka zuba mata dukiyar duniya bana ba za ta motsa ba. Sai an haɗa nauyin cutar da yiwuwar samun amsa da kuma ko akwai wani da ke riga yana biya, sannan a duba wa zai amfana. Wannan ne ke kawo taron.

Malam ni ungozoma ce shekara sha huɗu ina aiki. Gaskiya in na ji ana maganar ware kuɗi don bincike raina ɓaci yake. Safar hannu ma sai mai naƙuda ta sayo, wani lokacin da fitilar waya muke karɓar haihuwa. Ba gara a sayo kayan aiki ba, binciken a bar wa ƙasashen da suka ƙoshi?

Sannu da ƙoƙari 'yar'uwa, Allah ya saka. Ba zan ce miki ki daina jin haushi ba, asibitin da babu wuta babu safar hannu ba takardar bincike yake jira ba, kuma duk wanda ya ɗebi kuɗin kayan aiki ya kai wani wuri da sunan bincike ya zalunce ku. Amma ki duba girman abin da ake nema, kwamitin 1990 ɗin nan da na ambata kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiya ya ce kowace ƙasa ta ware. Ba wannan kashi biyun ne ya hana ki safar hannu ba.

Bari in ba ki labarin wani magani da na tabbata kin sha riƙe shi a hannunki, taraneksamik asid mai tsayar da jini. Wata likita 'yar Japan, Utako Okamoto, ita da mijinta suka samar da shi a farkon shekarun 1960, kuma burinta tun farko shi ne mata masu zubar da jini bayan haihuwa, amma ta nemi likitocin haihuwa su gwada shi ba ta samu goyon baya ba. Sama da shekara hamsin maganin yana nan ana ba masu haɓo da masu cire haƙori. Sai da kuɗin gwamnati da na gidauniyoyi suka ɗauki nauyin gwaji kan mata 20,000 a ƙasashe 21, sakamako ya fito a 2017 cewa in aka ba shi cikin awa uku da haihuwa yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ita kuwa baiwar Allah ta rasu a 2016 ba ta ga sakamakon ba. Duk lokacin da na tuna wannan sai in yi ta lissafin iyaye mata nawa aka binne a cikin shekarun nan hamsin. Wane kamfani ne zai biya kuɗin gwada maganin da ya tsufa kowa na iya yinsa? Babu.

Na biyu ma a ɗakinku aka yi shi. A 2023 aka fitar da sakamakon wani gwaji a asibitoci 80 a Kenya, Najeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, mata sama da 200,000, ba sabon magani ko ɗaya a ciki, leda ce mai ma'auni ake shimfiɗa wa mai jego don a ga yawan jinin da ido maimakon kintace, in ya kai wani layi sai a yi duk matakan a lokaci ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba, murza mahaifa, allurar tsuke ta, taraneksamik, ƙarin ruwa, dubawa. Mummunar zubar jini ta ragu da kashi 60 cikin 100. Kinga wannan tambayar ƙasar da ta ƙoshi ba za ta yi miki ita ba don ba matsalarta ba ce, tana da bankin jini a kowane hawa.

Ruwan gishiri da suga ma haka ya samu karɓuwa. A 1971 lokacin yaƙin Bangaladash kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira, ledar ƙarin ruwa ta ƙare, wani likita ɗan Indiya Dilip Mahalanabis ya sa aka riƙa dama haɗin a manyan durom 'yan'uwan marasa lafiya na ba su da kofi, mutuwa ta sauko daga wajen kashi 30 zuwa ƙasa da kashi 4. Yau sama da shekara hamsin kenan amma har yanzu ɗimbin yaran da ke gudawa ba sa samunsa, kuma dalilin da ya sa ba sa samu shi kansa abin bincike ne, wanda ba kasafai ake ba shi kuɗi ba don ba ya kawo lambar yabo. In da za a ba ni wuƙa da nama, irin wannan binciken, na yadda abin da aka riga aka sani zai isa hannunki, shi zan fara cika wa kwano a duk ƙasar da kuɗinta ba su da yawa. Kuma irinku ya kamata a tambaya me za a bincika, shekara sha huɗu a ɗakin haihuwa ba wasa ba ne.

Na ji wai akwai masanan da ake ba miliyoyi suna nazarin ƙuda da tsutsa da ƙwayoyin cikin ruwa. Malam wannan ba almubazzaranci ba ne mutane na mutuwa?

Na gane abin da ya sa ka faɗi haka malam, amma a nan kam ban bi ka ba. A shekarun 1960 wani masani Thomas Brock ya je maɓuɓɓugar ruwan zafi a gandun Yellowstone na Amurka da kuɗin gwamnati, yana son sanin ko akwai halittar da ke rayuwa a ruwan da ya kusa tafasa. Ya samo. Sinadarin da aka ciro daga wannan ƙwayar shi ne ƙashin bayan gwajin PCR, wanda yau da shi ake gano korona da tarin fuka da ƙanjamau a jikin jarirai. Katalin Karikó kuma, 'yar Hangari, ta yi shekaru ana mayar mata da takardun neman tallafi har aka rage mata matsayi a wurin aiki don ana ganin aikinta ba inda zai je, a 2005 ita da Drew Weissman suka fitar da binciken da aka gina allurar korona a kansa, a 2023 suka karɓi kyautar Nobel. Allurar da ake cewa an yi cikin shekara ɗaya, shekara talatin aka yi ana share mata hanya.

Matsalar ita ce ba wanda ya isa ya nuna maka tun farko wanne ne zai yi 'ya'ya, mafi yawansu ba za su yi ba. Kwamitoci kuma sun fi son abin da suka saba gani, shi ya sa a New Zealand tun 2013 hukumar binciken lafiya ta fara raba wani ƙaramin tallafi ta hanyar ƙuri'a tsakanin takardun da suka cika sharaɗi. Ni dai ra'ayina a ware wa irin wannan kaso sananne a bar shi, ƙasa mai ƙarfi ta ɗauki babba, mai ƙaramin ƙarfi ta ɗauki daidai wuyanta.

Ɗana, ni tsohon ma'aikaci ne na yi ritaya, shekara talatin da biyar ana cire min haraji. In da kuɗin jama'a ake binciken, me ya sa in maganin ya fito sai ya fi ƙarfin jama'ar?

Baba ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Wani nazari ya bi diddigin sabbin magunguna 210 da aka amince da su a Amurka daga 2010 zuwa 2016, ya tarar babu ko ɗaya da kuɗin NIH bai taɓa binciken da ya haife shi ba. Gwamnati ke ɗaukar ɓangaren da ya fi haɗari, shekarun da ake lalube cikin duhu, in haske ya fara bayyana sai jami'a ta sayar wa kamfani haƙƙin mallaka, kamfani ya ƙarasa manyan gwaje-gwajen, wanda gaskiya su ma suna cin maƙudan kuɗi kuma da yawa suna faɗuwa, sannan ya sa farashin da ya ga dama. Kura da shan bugu gardi da kwashe kuɗi. Maganin ciwon hanta nau'in C da ya fito a 2013 dala 84,000 aka sa masa na sati goma sha biyu, ƙwaya ɗaya dala dubu, da aka ba kamfanonin Indiya da Masar dama suka yi irinsa sai ya dawo 'yan ɗaruruwa.

Maganin abin shi ne a yi sharaɗi tun ranar ba da kuɗin, ba bayan an gama ba. An taɓa yi kuma ya yi. Lokacin da za a samar da rigakafin sanƙarau nau'in A, kafin a taɓa komai sai da aka tambayi jami'an lafiya na ƙasashen Afirka nawa za ku iya biya, suka ce in ya wuce rabin dala ba za mu iya ba. Aka riƙe wannan a matsayin ƙa'ida, manyan kamfanoni suka ja baya, aka ɗauko fasahar daga ɗakin gwaje-gwajen gwamnatin Amurka aka miƙa wa kamfanin Serum Institute na Indiya, a Disambar 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso kan farashin da bai kai rabin dalar ba, kuma wannan nau'in na sanƙarau da ke kwashe dubbai ya kusa ɓacewa a inda aka yi ta. Duk gwamnatin da za ta ba da tallafi tana da ikon rubuta irin wannan a takarda, farashin da talaka zai iya, a buga sakamako ko ya yi daɗi ko bai yi ba, a bar wasu su sarrafa in kamfanin ya kasa wadatarwa.

Sai dai Baba akwai inda abin ke juyewa. Sabon maganin kashe ƙwayoyin cuta masu taurin kai, likita na gari ɓoye shi yake sai ta ɓaci ya fito da shi, to kaga ba ciniki kenan. Wani kamfani a Amurka ya samu amincewar sabon irin wannan magani a 2018, a 2019 ya karye. Ga shi kuwa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 a 2019. A nan dole gwamnati ta biya don maganin ya wanzu ko ba a sha ba, Ingila ta fara biyan kamfanoni kuɗi tsayayye duk shekara maimakon biyan kowace ƙwaya.

Malam a ware kuɗi don cutar da ba ta zo ba, anya?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Rigakafin Ebola tun farkon shekarun 2000 masana a ɗakin gwaje-gwajen gwamnatin Kanada suka haɗa shi, ya yi aiki a jikin birai, aka ajiye don babu mai biyan kuɗin gwada shi kan mutane. Annobar 2014 zuwa 2016 ta zo ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini, Laberiya da Saliyo, sai a tsakiyarta aka gwada shi a Gini a 2015 aka ga yana kariya. Wannan darasin ne ya sa aka kafa wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa mai suna CEPI a 2017 don ta riƙa biyan kuɗin rigakafin cututtuka kafin su ɓarke. Zazzaɓin Lassa tun 1969 aka san shi, yana cikin jerinsu.

Malam mahaifiyata ce ke fama da ciwon gwiwa, ni ke jinyarta shekara shida, ko banɗaki sai na kama ta. Kullum ƙwaya ake ƙara mata har cikinta ya fara ciwo. Mu da ba mu yi karatun likita ba, akwai ta yadda za a ji ta bakinmu a wannan rabon?

Allah ya yi miki albarka 'yar'uwa, ya sa ki gama da ita lafiya. Abin da kika faɗa an taɓa auna shi kuma a kan gwiwar ma. A shekarar 2000 wasu masana a Ingila suka tambayi masu ciwon gwiwa me kuke so a bincika, suka ce motsa jiki da gashin ƙashi, tiyata, da yadda mutum zai koyi zama da ciwon, da aka duba gwaje-gwajen da ake yi sai aka ga mafi yawansu a kan ƙwayoyi ne, don su ne ke da mai biya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ba a tambaye shi ba.

Na taɓa zama a wani taron tsara abin da za a ba fifiko, awa huɗu muna magana kan masu wata cuta, babu mai cutar ko ɗaya a ɗakin, babu mai jinya, kuma ni ma ban ɗaga hannu na ce ina suke ba. Har yau abin yana damuna.

A 2004 aka kafa ƙungiyar James Lind a Ingila don gyara wannan. Tsarinsu ba wuya, a tattaro tambayoyi daga majinyata da masu jinya da ma'aikatan asibiti, a cire waɗanda an riga an san amsarsu, sauran a zauna tare a tace har a fitar da goma, kamfanonin magani ba su da ƙuri'a a zaman, sannan a miƙa wa masu ba da kuɗi. Ba kyautatawa kawai ba ce, tsimin kuɗi ne, domin a 2009 Iain Chalmers da Paul Glasziou sun ƙiyasta kusan kashi 85 cikin 100 na kuɗin binciken lafiya na tafiya a banza, kuma ɓarnar daga tambayar da ba ta dami kowa ba take farawa, sai gwajin da ba a tsara da kyau ba, sai wanda aka gama aka jefa a durowa, don kusan rabin gwaje-gwaje ba a buga cikakken sakamakonsu.

Ke kaɗai da wuya a saurare ki, amma ku ashirin masu jinyar tsofaffi in kuka haɗu kuka rubuta abubuwa biyar da suka fi wahalar da ku, kuka kai wa asibitin koyarwa ko jami'a ko hukumar da ke kula da bincike, kun ba su abin da ba su da shi. Masu ba da tallafi da yawa yanzu suna tambayar mai bincike ko ya zauna da majinyata kafin ya rubuto, to kinga shi ma yana neman ku. Kwamitocin da ke duba ɗa'ar bincike kuma ƙa'ida ce a samu wanda ba masani ba a cikinsu, ki tambaya ko kujerar na da mai ita. Ku kuma nemi a nuna muku jerin abin da aka ba kuɗi bara da dalilin zaɓensa, kuɗinku ne. Batun cikin Mama kuma kar ki jira wata na gaba, magungunan kashe zafi irin su ibufurofen da daikulofenak suna iya ƙwarzane ciki har ya yi jini musamman ga tsofaffi, ki kwashe duk abin da take sha a leda ki kai wa likita ya gani, ki kuma roƙe shi ya haɗa ku da masu gashin ƙashi su koya muku motsa gwiwar a gida.